KATAKON GICCIYE: ABIN DA MASANA SUKA GANO, DA ABIN DA YA RAGE GARE MU

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwar katako, a babban taron ƙungiya da aka yi a Sabo, Badun.)

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu dattawa, abokan sana'a, da 'ya'yanmu matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Waɗanda suka halarci taron da ya wuce za su tuna da gardamar da ta tashi. Wani yaronmu ne ya nuna hoton bene mai hawa 18 a wayarsa, ya ce da katako aka gina shi. Nan take zaure ya rabu biyu. Wasu dattawa suka ce ƙarya ce, katako bai wuce rufi da ƙofa da benci ba. Wasu kuma suka ce tun da haka ne, a taɓa asusun ƙungiya a sayo injin matsi da gam, mu ma mu fara yi kafin wasu su riga mu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai shugabanni suka ɗora mana nauyin mu bincika mu kawo bayani.

To, mu dai ba injiniyoyi ba ne. Karatunmu na Islamiyya ne, sauran kuma a bakin somil muka koya, shekara talatin da ɗoriya muna loda katako daga Bodija da dazuzzukan Kurmi zuwa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Abin da muka yi shi ne, mun zaunar da 'ya'yanmu masu karatun injiniya, suka karanta rahotannin masu bincike suna fassara mana, mu kuma muna auna abin da suka faɗa da abin da hannunmu ya sani. Sakamakon ke nan muka kawo muku yau. A taƙaice, yaron nan bai yi ƙarya ba, amma kuma lokacin taɓa asusu bai yi ba. Ga dalili.

MENE NE SHI?

Turawa suna kiransa da haruffa uku, CLT. Mu kuwa mun raɗa masa suna katakon gicciye, domin sunan ya bayyana yadda ake yinsa. Ana jera busassun falankai gefe da gefe su yi shimfiɗa ɗaya. A shafa gam, a kawo shimfiɗa ta biyu a ɗora ta a gicciye, watau idan ta farko ta kalli gabas da yamma, ta biyu sai ta kalli kudu da arewa. Ta uku ta koma kamar ta farko. Haka ake yi har shimfiɗa 3, ko 5, ko 7, kusan kullum adadin mara ne, domin ta sama da ta ƙasa su fuskanci waje ɗaya. Sannan a sa a ƙarƙashin babban injin matsi har gam ya kama. Kaurin kowane falanki yakan kama daga milimita 20 zuwa 40. Abin da ke fitowa allo ne guda, mai faɗin kusan mita 3, tsawonsa kuma yakan kai mita 16. Da shi ake yin bango, da dekin, da rufi. Injin yanka mai aiki da kwamfuta ne ke fitar da gurbin ƙofa da taga tun a masana'anta, a wurin gini kuwa sai dai a ɗaga shi da inji a ɗaure da sukurori da ƙarafa.

Wanda ya san filawud ya riga ya fahimci rabin maganar, domin dabarar ɗaya ce, sai dai filawud da ɓawon itace mai sirara ake yinsa, wannan kuwa da falanki sosai.

Me ya sa ake gicciyawa? Ku tambayi mai faskare. Ya san itace ta tsawonsa yake tsagewa, ba ya taɓa sara shi a gicciye ya ce zai raba shi biyu da bugu ɗaya. Itace jijiyoyi ne a jere kamar damin kara. Idan nauyi ya bi tsawon jijiya, yana ɗaukar ninki takwas ko fiye na abin da zai ɗauka idan an danne shi ta gefe. Haka kuma wajen bushewa: ta tsawo ba ya raguwa sai abin da ba a rasa ba, amma ta faɗi wasu itatuwan suna raguwa har kashi 8 cikin 100 daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau. Shi ya sa falanki ke kumbura da damina, ya tsuke da rani, ya murɗe. To idan aka gicciya, kowace shimfiɗa tana riƙe 'yar'uwarta ta ɓangaren da take da rauni, allon ya zauna daram, ya ɗauki nauyi ta fuska biyu.

Bugu da ƙari, ga rashin nauyi. Mita ɗaya ta kowace fuska ta wannan katako ba ta wuce kilo 500 ba, alhali kankare mai wannan girma yana kai kilo 2,400. Kun ga ke nan kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. Gini marar nauyi ba ya bukatar katafaren tushe, kuma mota ɗaya tana ɗaukar bango da yawa.

INDA AKA FARO

A ƙasashen Ostiriya da Jamus aka fara shi, farkon shekarun 1990. Wani abu da ya ja hankalinmu, mu 'yan kasuwa, shi ne dalilin farawar. Masu somil na can suna da tarin falankan gefen gungume, waɗanda ba su da daraja a kasuwa, suna neman yadda za su mayar da su kuɗi. Wani malami mai suna Gerhard Schickhofer, na Jami'ar Fasaha ta birnin Giraz a Ostiriya, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan wannan fanni a 1994, ya ci gaba da gwaje-gwaje shi da ɗalibansa shekara da shekaru. A 2002 Ostiriya ta fitar da ƙa'idojin aiki da shi, a 2015 kuma aka fitar da ma'aunin da Turai ke bi wajen ƙera shi. A 2019 aka ba wannan malami lambar yabo ta Marcus Wallenberg a ƙasar Suwidin, wadda ita ce babbar lamba a fannin daji da katako. Ku lura da lissafin, jama'a: daga 1994 zuwa 2015, shekara 21 ke nan ana gwaji kafin a tsayar da ma'auni.

Ga kaɗan daga gine-ginen da aka yi. A 2009 an gama bene mai hawa 9 a unguwar Hakni ta birnin Landan, hawan ƙasa na kankare, sauran 8 na katakon gicciye, kuma kafintoci huɗu ne suka tsayar da katakon cikin kwana 27 na aiki. A 2012 an yi mai hawa 10 a Melbon ta Ostireliya. A 2017 an yi gidan kwanan ɗalibai mai hawa 18 a Bankuba ta Kanada. Hoton da yaronmu ya nuna kuwa na ƙasar Norwe ne, a garin Brumunddal, an gama shi a 2019, hawa 18, tsawonsa mita 85 da 'yan kai. A 2022 aka kammala wani a Milwoki ta Amurka mai hawa 25, wanda ya ɗan ɗara shi tsawo.

Amma a nan akwai gyara. Manyan nan ba katakon gicciye zalla ba ne. Na Norwe ginshiƙansa da dogaransa na wani nau'in katako ne da ake manna falankai ba tare da gicciyawa ba, kuma an sa kankare a dekin hawan sama domin nauyinsa ya hana iska kaɗa ginin. Na Amurka hawa-hawan ƙasa da ramin lif duk kankare ne. Injiniyoyin ba su yi girman kai ba, inda katako ya gaza sun kira siminti da ƙarfe.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Za mu kawo gwaji huɗu.

Na farko, nauyi. Masu bincike suna ɗora allo a kan dogarai biyu, su yi ta danna tsakiyarsa da inji har ya karye, suna rubuta nauyin da ya karya shi. Abin da suka gano shi ne, sau da yawa, musamman idan allon gajere ne mai kauri, ɓarnar daga shimfiɗar tsakiya take farawa, wadda ke kwance a gicciye. Jijiyoyinta sukan mirgina a kan juna, kamar yadda karan dawa ke mirginawa idan ka taka dami ta gefe. Wannan shi ne raunin katakon gicciye, kuma da shi injiniya ke lissafin kaurin da ya kamata da tazarar da allo zai iya tsallakewa. Har ila yau sun gano cewa saboda rashin nauyinsa, dekin katako yakan yi rawa kuma yana kai sautin tafiya ga na ƙasa, don haka akan zuba siririn kankare a samansa.

Na biyu, girgizar ƙasa. A 2007 masu bincike daga Italiya, ƙarƙashin Farfesa Ario Ceccotti, suka ɗauki bene mai hawa 7 na katakon gicciye suka kai shi Japan, suka kafa shi a kan wani katafaren dandamali mai girgiza da ke garin Miki. Aka kunna masa irin girgizar da ta rusa birnin Kobe a 1995. Ginin bai faɗi ba, bai ma karkace ba, sai dai hawan sama ya sha fizga mai tsanani. A 2023 aka sake irin wannan gwaji da bene mai hawa 10 a San Diyego ta Amurka, shi ma ya tsaya. Darasin da suka fitar shi ne, allon da kansa ba ya lanƙwasa, ƙarafan haɗi da sukurori su ne ke shanye fizgar, don haka ingancin gini yana ga mahaɗarsa. Mu a nan Allah ya sauƙaƙa mana girgizar ƙasa, duk da dattawa na tuna motsin da ƙasa ta yi a Ijebu-Ode a 1984 har aka ji a nan Badun. Amma maganar mahaɗa ta shafe mu, domin kowa ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye rufin da aka yi wa rowar ƙusa.

Na uku, gobara. Mun san a nan hankalin kowa yake, domin babu ɗan katako a cikinmu da bai taɓa jin ƙirjinsa ya buga ba idan aka ce wuta ta tashi a kasuwa. Abin da masana suka gano abu ne da iyayenmu mata suka sani a murhu: ƙiraruwa nan take suke cinyewa, gungume kuwa yakan kwana yana ci. Idan wuta ta kama katako mai kauri, bayansa yakan zama gawayi, gawayin ya tare zafi, cikinsa ya zauna da ƙarfinsa. An auna gudun cin wutar, ya kama milimita 0.65 a minti ɗaya, watau kimanin inci ɗaya da rabi a awa guda. Saboda haka injiniya yana ƙara kauri da gangan, ya ba wuta rabonta, abin da ya rage ya riƙe gini har mutane su fita. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma idan zafi ya kai wajen digiri 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa ya lanƙwashe.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Kanada sun nuna cewa wani irin gam yana sakin jiki idan ya ji zafi. Da wuta ta kai layin gam, sai shimfiɗar da ta zama gawayi ta ɓalle ta faɗo, sabon katako ya bayyana, wutar da ta fara lafawa ta sake tashi. Wannan ne ya sa a 2018 aka gyara ma'aunin ƙasashen biyu, aka wajabta gam mai jure zafi. A 2021 kundin dokokin gini na Amurka ya yarda a yi bene na katako har hawa 18, da sharaɗin a rufe katakon da allon da ba ya kama wuta, a kuma sa famfunan da ke feso ruwa da kansu. Ingila kuwa ta tsaurara. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rai 72, duk da ginin na kankare ne, abin da aka lulluɓe bayansa da shi ne ya kama, sai a 2018 aka hana sa duk wani abu mai cin wuta a bangon waje na gidajen kwana da suka wuce mita 18, har da katako. Kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin aiki, kafin a rufe katakon. A 2014 wani ɗakin bincike na katako da ake ginawa a Jami'ar Notingham ya ƙone ƙurmus kafin a gama shi.

Na huɗu, gam da bushewa. A watan Maris na 2018, a wani gini da ake yi a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, shimfiɗun wani allon dekin suka rabu suka faɗo hawan da ke ƙarƙashinsa. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Da aka bincika sai aka gano cewa a masana'anta an ɗumama falankan kafin a shafa gam, gam ɗin ya fara bushewa kafin a matse. Sai da aka canja alluna gommai. Ku duba fa, wannan a ƙasar da ke da ma'auni da sufetoci ne. Kuskure ɗaya a layin gam, wanda ido ba ya gani, ya isa.

Ƙa'idar kuwa ita ce, kafin a shafa gam sai an busar da falanki a ɗakin gashi har danshinsa ya sauka zuwa kashi 12 cikin 100, ko kusa da haka. Sai an tantance kowane falanki an san ajinsa, an yanke ƙulli da ruɓa, an goge fuskarsa sumul, sannan a shafa gam ba tare da ɓata lokaci ba. Daga kowane rukuni kuma ana yankar samfuri a jiƙa, a busar, a ga ko zai ɓare.

TO MU FA?

Yanzu bari mu dawo gida mu faɗa wa juna gaskiya. Nawa ne a cikinmu ya taɓa auna danshin katakon da yake sayarwa? Da safe ake yanka shi a somil yana zubar da ruwa, da yamma ya hau tirela. Mu da ke magana mun taɓa aika lodin tubaifo ɗanye zuwa Arewa da ƙarshen damina. Hunturu na shigowa ya murɗe kamar igiya, mai kaya ya ƙi biyan cikon kuɗi, kuma gaskiyarsa ce. Mun yi asarar kuɗi, mun yi asarar abokin ciniki na shekara da shekaru. Sannan ga maganar awo. Tubaifo nawa ne a kasuwa ya cika inci biyu da huɗu? Ƙafa goma sha biyu nawa ce ta cika? Wanda ya ɗauki irin wannan katako ya shafa masa gam ya danne da inji, ya ce ya yi abin da ake yi a Ostiriya, to tarko ya haɗa wa mutane a saman kansu. Ba mu manta da benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ba, ya kashe mutum fiye da 40. Na kankare ne, ba na katako ba. Kowane kayan gini, idan aka ci amanarsa, zai ci mutane.

Sannan muna da abokan gaba biyu da Turawan da suka ƙirƙiro abin ba su damu da su kamar mu ba. Na farko gara. Yawancin katakon gicciye da itatuwan ƙasashen sanyi ake yinsa, masu taushi, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Jihar Misisifi ta Amurka ya nuna gara tana cinsa idan ba a sa magani ba. Maganin kuma sai an zaɓa, domin wani yana hana gam kamawa. Baƙin man da muke shafa wa katakon rufi ba zai yi a nan ba, gam ba ya kama mai. Na biyu ruwa. Allon da ruwa ya shige shi ta baki, aka rufe shi bai bushe ba, ruɓewa zai yi daga ciki. Ku auna wannan da damina irin ta Kurmi. Kakanninmu magina sun san wannan yaƙi, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, wadda gara ke shakka.

To ashe babu rabonmu a ciki? Akwai, kuma babba ne. Kowa a nan shaida ne cewa manyan gungumen loko da madaci da kawo da muka tarar muna samari, irin wanda guda ɗaya ke cika mota, sun yi wuya. Madobiya kuwa a gabanmu aka kwashe ta daga dazuzzukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Abin da ke zuwa somil yanzu ƙananan itatuwa ne, yawanci malaina da tik daga gandun da aka dasa, irin na Omo a Jihar Ogun da Oluwa a Jihar Ondo. Wanda sana'arsa ta dogara da faffaɗan falanki daga ƙaton gungume, ranarsa ta yi yamma. Katakon gicciye kuwa ƙananan falankai yake bukata. Daga falankan da aka raina aka faro shi.

Kuma an fara gwada itatuwan ƙasashe masu zafi. A ƙasar Kosta Rika masu bincike sun yi allunan gicciye da malaina da tik sun auna ƙarfinsu. A Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu an yi bincike a kan itacen turare, kuma a ƙasar ana ƙera katakon gicciye ana gini da shi. Malaina tana da halaye masu kyau: ba ta da nauyi, tana karɓar gam, kuma idan ta bushe ba ta cika motsi ba. Aibinta, kamar yadda kowa ya sani, shi ne tana riƙe ruwa, bushewarta sai an yi haƙuri. Duniya kuma ta juyo ga katako saboda wani dalili: masana'antun siminti su ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, itace kuwa shanye wannan iska yake yi yana girma. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan ana dasa madadin abin da aka sare. Ostiriya kusan rabin ƙasarta daji ne, kuma dokarsu ta tilasta wa wanda ya sare ya mayar.

SHAWARWARINMU

Na ɗaya, kada a taɓa asusun ƙungiya don sayen injin matsi da gam. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma duk wanda ya kawo muku falankai manne da gam ya ce ku yi dekin da mutane za su hau, ku nemi takardar gwaji da sa hannun injiniya mai rajista. Idan babu, ku sallame shi da girma.

Na biyu, abin da kuɗinmu zai iya, kuma zai dawo da riba tun bana, shi ne busarwa. A haɗa hannu a yi rumfa mai rufi, a ɗaga katako daga ƙasa, a jera shi da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. A sayo na'urar auna danshi, 'yar ƙarama ce da ke shiga aljihu, a ajiye a ofishin ƙungiya kowa ya amfana. Idan hali ya yi, a gina ɗakin busarwa mai aiki da zafin rana. Masu yin kujeru da ƙofofi a Kano da Kaduna da Abuja za su biya ƙari a kan busasshen katako, domin su ne ke shan zagin masu gida idan ƙofa ta tsuke.

Na uku, a cika awo, a ware aji. Na ɗaya daban, na biyu daban, mai ƙulli da tsaga daban, kowanne da farashinsa, a kuma gaya wa mai saye gaskiya. Ranar da masana'antar katakon gicciye za ta buɗe a ƙasar nan, wajen wanda ya saba da wannan za ta zo sayayya.

Na huɗu, 'ya'yanmu. Muna zaune a garin da ke da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya a Jericho, wadda asalinta ya faro tun 1954, da kuma Jami'ar Badun mai sashen injiniyan kayan katako. Shekara nawa muna wucewa ta ƙofarsu da lodin katako ba mu taɓa leƙawa ba? Muna ba da shawara ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu ko uku su karanci wannan fanni. Waɗanda ke aji na ƙarshe kuma mu ba su katako kyauta su yi gwaji: su manna malaina, su karya su auna, su binne wani a inda gara take, wani kuma mu ɗora a mota a kai Kano ya sha hunturu a dawo da shi a gani. Wannan gwaji na ƙarshe babu wanda ya fi mu damar yinsa, tun da motocinmu kullum suna hanya.

Na biyar, dashe. Malaina takan kai yanka cikin shekara 10 zuwa 15. Mu zauna da masu masaukinmu, sarakuna da masu ƙasa, cikin mutunci kamar yadda iyayenmu suka saba, a ga yadda za a yi haɗin gwiwa a dasa. Kuma mu daina sayen gungumen da ba shi da hatimin ma'aikatan gandun daji, komai araharsa. Da yawa cikinmu ba za mu ga ranar yanka ba, amma mu ma ai abin da wasu suka bari muka tarar muka ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyakar abin da muka samo ke nan. Ga dattawan da suka ce ƙarya ne, muna ba su haƙuri, benen yana nan tsaye a Norwe, mutane na kwana a ciki. Ga matasan da suka ƙagu a fara, muna roƙon su fara da rumfar busarwa, mu kuma mun yi alkawarin ba da katakon gina ta. Muna roƙon a sa waɗannan shawarwari biyar a gaban kwamiti, a kawo amsa a taro mai zuwa. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuma malamai da injiniyoyinmu su gyara mana. Allah ya tsare dukiyoyinmu daga gobara, ya kiyaye direbobinmu a hanya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.